Tafiya a Ɗaka

Ran da lokotoro ya ce idona ya gama da guduro
ban yi gardama ba.
Sau biyu ina ɗaukar amalanke a kan inuwa
a hanyar Tibiri.
Na turo keken da hannu har Bagalam,
muna tafe ba mai ce wa wani uffan.

Kekena ba irin na kowa ba ne.
Giyarsa ɗaya, ɗaure tam da taya.
In taya ta juya, feda ta juya,
in feda ta juya, ƙafa ba ta da ta cewa.
Ko a gangara ba ya ba da rance.
Shekara ashirin da shida
bai taɓa ɗaukata kyauta ba.

Jadi mai walda ya zo da igiyar awo a wuya.
Ya yanka ƙafafun tsohon gadon ƙarfe,
ya samo ganga daga injin ban-ruwa
da ya mutu a bakin Gulbi,
ya ce nan taya za ta kwanta ta yi gudunta.
Jikka huɗu, da shayi.

Gwajin farko bai yi ba.
Bakin ƙarfen ya yi faɗi,
yatsa biyu tsakaninsa da noti.
Jadi ya ce, awon masu giya bakwai na ɗauka,
naka siririn ƙugu gare shi.
Ya koma, ya dawo bayan la'asar
da zobban ƙarfe a aljihu,
uku dama, uku hagu,
sifana mai lamba sha biyar ta yi sauran magana.

Sarƙa kuwa ni na ɗaure ta,
wannan ba aikin ido ba ne.
Na ja taya baya, na lalluba da babban yatsa:
kada ta yi tauri ta yi kuka,
kada ta saki ta zame.
Kamar zama da maƙwabci.

Rabin bulo ƙarƙashin tayar gaba
don kada in yini ina gangara.
Tsahara ta shimfiɗa buhu saboda gumi,
ta ce ba a daɓenta ba.
Na kira jikata Uwale na nuna mata haƙoran:
wannan bakin ba ya sakin abin da ya kama,
ki tsaya can bayan randa.

Na hau.
Ɗaki ya ɗauki gurnani, kwanuka na rawa a kan kanta.
Ba iska, ba ƙaho, ba akuya mai tsallaka hanya,
sai bango, da kalandar bara.
Na rufe idon da ya rage.
Ga tasha. Ga warin taya mai zafi.
Ga Jiratawa, zogale kore shar,
wanda rabona da ganinsa haka
tun kafin hazon ya sauko mini.

Na manta, na tsai da ƙafa.
Feda ta ɗaga ni daga sirdi
kamar yadda ta yi mini ranar farko.
Uwale ta yi dariya har da faɗuwa.

Daga madafa Tsahara ta ɗaga murya:
Malam, ina ka kai?
Na ce Madarumfa, ga tabkin nan.
Ta ce to, tun da ka je,
kada ka dawo ba kifi.