Fitilar Eliyamma

Shekara goma sha tara ina wa'azi
a 'yar majami'armu ta bakin ruwa, nan Kerala,
ban taɓa tambayar wa ke zuba wa fitilar tagulla mai ba.
Na ɗauka ita ke ci don kanta,
kamar kwakwa da ke faɗowa ba mai girgiza.

Sai ran Talatar da Eliyamma ta kwanta,
ba ta tashi ba.

Ran Lahadi na tarar da lagwani a bushe,
kashin jemage a kan bagade,
tabarmi sun sha ruwan damina, suna warin rima.
Kwalekwalenta ɗaure a gindin ayaba,
can tsallake kuma makaho Varki
tsaye da sandarsa, cikin farin zanensa na ibada,
yana jiran ƙarar filafili
tun asuba har rana ta take.
Ashe ita ke haye da shi. Ban sani ba.

A wurin makoki bakuna suka buɗe.
Shoshamma ta ce, shekarar ambaliya
kullum takan iske kunun shinkafa a bakin ƙofa,
an rufe tukunyar da ganye, da sauran ɗuminta.
Na sunkuyar da kai,
don na tuna ni ta yi wa godiya a lokacin,
ta kama hannuna tana hawaye,
ni kuwa na yi murmushi, na karɓa,
ban ma san godiyar me ba ce.

Wani da noma, wani da auna.

Ni nake hawa mimbari, murya kamar tsawa,
ina fassara wa jama'a ma'anar tawali'u,
ita tana can baya, kusa da tarin takalma,
tana jera na yara kada a tattake.
Tafin hannunta ya yi kanta da murzar igiyar kwakwa.
Sau nawa na miƙa mata gurasar Jibi
ban dubi hannun ba?

Ya Almasihu,
kai da ka ɗaura tawul, ka durƙusa gaban ƙafafu masu ƙura,
na yi ta neman ka a cikin manyan kalmomi,
ashe kana bayana da tsintsiya.
Na gode maka saboda ita,
da duk irinta da ban san sunansu ba tukuna,
masu zuwa kafin ƙararrawa, su tafi bayan an watse.
Godiyar ta makara, amma karɓe ta haka.

Yau da asuba na zuba man da kaina.
Rabi ya malale a ƙasa, na ƙone yatsa.
Na kwance kwalekwalen,
ya yi ta juyi da ni a tsakiyar ruwa,
Varki yana dariya daga gaɓa:
"Limami, hagu! Ita ba ta faɗa da ruwa,
lallashinsa take yi."