Hannu a Cikin Bango

Ranar Talata muka buɗe bangon gabas
na tsohon gidan kwastan na Sawakin,
ni da Ohaj da yara biyu masu kwaɓa.
Dutsen garin nan ƙashin teku ne,
ka murza shi ya zama gari,
ka lashi yatsa ka ji gishiri.

Injiniya Tajussir ya ce a bi sannu,
kowane dutse a ba shi lamba
kafin a sauke shi ƙasa.

Bisa ƙofa akwai allon tagulla
da sunan Baturen da ya ce a gina,
da shekara, da tambarin sarautarsu.
Shi ake gogewa da lemun tsami ran Alhamis,
gabansa baƙi ke tsayawa hoto.

A jeri na bakwai, can ciki,
kan farar ƙasar da ta bushe
tun ba a haifi mai haihuwata ba,
na tarar da tafin hannu.
Na hagu ne. Ƙaramin yatsa guntu.

Kakan babana, Barmo, da ƙafa ya bar Haɗeja,
Makka ya nufa.
Shekara tara yana tafe yana ƙwadago,
a bakin ruwan nan guzuri ya ce ga garinku.
Mai jirgi na son kuɗi,
likita na son takarda,
sai ya naɗa gammo ya shiga layin dako.
Ya tara kuɗin jirgi sau biyu,
sau biyu aka yi masa haihuwa.
Daga nan ya riƙa kallon alƙibla ta kan teku.

Ban ce hannunsa ba ne.
Da dare na tambayi Goggo Ladiyo,
ta ce yatsun Barmo goma ne cif,
har a likkafani.
To na wa?
Masu dako ba sa barin adireshi.

Na ɗora nawa a kai.
Nawa ya fi faɗi, nasa ya fi zurfi,
kamar wanda jiri ya ɗiba ya dafa.

Injiniya ya zo ya duƙa, ya daɗe,
ya juya takardarsa gaba da baya,
ya ce babu gurbin wannan a fom.
Ohaj ya zuba gahawa mai citta,
ya ce, "Rufe shi.
Abin da ido bai gani ba ne ya kai yau.
Dubi sauran garin."
Na duba: baranda ta durƙusa,
kyanwoyi na barci a ɗakin alƙali.

Na kwaɓa da kaina, na mayar da dutsen,
lamba ɗari biyu da sha huɗu.

Yanzu da azahar nan nake jingina
in ci wakena da burodi.
Jirgin Jidda na busa ƙaho a tasha,
bangon na ɗumi a bayana,
daidai kafaɗar hagu.