Goron Sallar Baba Tanimu

Saura kwana huɗu Sallah,
ina tsaye a Kasuwar Barci da jaka a hammata,
ina tunanin abin da ake ba tsohon
da ya koma ɗalibi bayan furfura.

Shekara ashirin da bakwai Baba ya yi a masaƙar Kakuri,
inji na gaba, shi yana biye,
layi ɗaya, miƙaƙƙe kamar dogon jirgin ƙasa.
Ran da aka garƙame ƙofar masaƙa
hannunsa ya rasa masauki,
ya dinga shafa gwiwa kamar mai laluben abin da ya faɗi.

Bara Mama Rifkatu ta Barnawa ta nuna masa:
kwantar da haƙoran keken,
ƙyalle a ƙasa, auduga a tsaka, ƙyalle a sama.
Daga nan ba keke ke jan yadi ba,
kai ne direba.
Allura na nan wuri guda tana sara,
tafin hannu ke yawo da bargo.

To, yawon ne bai iya ba tukuna.
Ya ce zai zana ganyen zogale,
ya fito sawun kaza a taɓo.
Ya ce zai bi lanƙwasar kogin Kaduna,
kogi ya tsinke sau uku kafin gada.

Mai shago ya ce, ga safar hannu
mai ɗigon roba a yatsu, yadi ba ya sulluɓewa.
Na ce sa a leda.
Ya ce ga allura kwali guda,
mai koyo karya ta yake kamar tsinken sakace.
Na ce ƙara kwali.
Allin tela shuɗi, man keke ɗan kwalba,
da fitila mai caji,
don wutar unguwarmu baƙuwa ce, ba ta kwana.

A kan zare na daɗe.
Mai kalar yadi yana rufa asiri,
ja a kan fari tonon silili ne.
Na ɗauki ja.
Na san Baba: abin da bai gani ba
ba ya yarda ya yi shi.

Mai shago ya miƙo ɗan ƙarfe mai baki biyu,
wai na farke ɗinki ne.
Na ce mayar.
Ai da reza nake jinsa tsakar dare,
yana warware abin da ya yini yana yi,
yana tsaki a hankali kada mu farka.

Na bi layin teloli ina roƙon ƙyallaye,
guntun shadda, wutsiyar atamfa, kunnen leshi,
ragowar kwalliyar mutanen gari.
Buhu guda, kyauta, har da addu'a.
A bakin buhun na rubuta da alli:
Wannan na ɓatawa ne.

Sauran abu ɗaya ba na kasuwa ba ne.
Yana ƙasan akwatin Inna,
shekara shida ba a ɗaga ba:
zane kore mai zanen tsuntsaye,
a gefensa tambarin masaƙar Kakuri.
Baba ya ce ba zai sa masa allura ba
sai hannunsa ya daina rawa.
Ni kuwa na ga likita, na ji abin da ya ce
game da rawar.

Ranar Sallah, bayan an sauko idi,
na jere masa su a tabarma.
Ya shinshina man keke, ya yi dariyar buhu,
ya gwada fitila a fuskar jikansa.
Da ya kai kan koren zane sai ya yi shiru,
ya bi tambarin da babban yatsa.

Bai ko tuɓe babbar riga ba.
Ya naɗe hannunta kan kafaɗa, ya zura safa,
ya ce, Lantana, zo ki sa mini zaren nan,
idona bai ga kafar ba.

Tuwo na ta hucewa a kwano.
Daga ɗaki keke ya fara magana,
ya tsaya,
ya sake farawa.