Rigar Saurayin

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinka wa matattu kaya
a ɗakin ƙasa na gidan wasan nan na Valparaíso,
inda iskar teku ke sa wa almakashi tsatsa.
Na san wasan kamar yunwar cikina:
gidaje biyu masu gaba, yara biyu da ba sa jin kira,
sai guba, sai kabari, sai tafi.
Sau goma sha huɗu ina yi musu likkafani da lilin mai araha.

Bana Nibaldo ya sauko da takarda a hannu,
ya ce, "Herminia, rage kafaɗar rigar saurayin,
Rayén ce za ta sa."
Na ce, "To budurwar fa?"
Ya ce, "Maite, kamar kullum.
Ko kalma ɗaya ban taɓa ba."
Na cusa fil uku a baki don kada in yi magana.

Ranar awo Rayén ta hau kan akwati
tana shan lemo, tana ɗiga min ruwansa a karan-miski.
Na zagaya ƙirjinta da tef,
sai hannuna ya tuna abin da na hana shi:
Leontina, mai kifi a bakin tashar jiragen ruwa,
wadda ƙamshin gishiri bai taɓa barin gashinta ba,
wadda na ɗinka wa rigar aure da kaina
a shekarun da sojoji ke ƙirga mu da dare.
Maɓalli ashirin da biyu a bayanta.
Ni na ɓalla mata su, ɗaya bayan ɗaya,
ban yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Daren farko na laɓe a bayan labule.
Kalmomin nan dai da na haddace,
amma sun yi nauyi kamar tufa a ruwa.
Da Maite ta ce 'yan'uwanta za su yi kisa in sun gani,
a da nan ne mutane ke gyara zama, su ɓare alewa.
Yau ko tari babu.
Wani a layi na uku ya miƙe, kujerarsa ta yi ƙara, ya fice.
Tsofaffi biyu a can gefe
sun ɓoye hannuwansu ƙarƙashin kwat guda.

Kuma suka mutu.
Ko a nan ma, Nibaldo? Ko a nan sai sun mutu?
Na so in fito da zarena in ɗinke bakin kabarin.

Labule ya sauka, gawa biyu suka tashi suna kakkaɓe gwiwa.
Maite na neman kuɗin bas,
Rayén ta yaga min hammata wajen faɗuwa,
ga jan ruwa a wuyan riga, sai na jiƙa kafin safe.

Na jiƙa. Na kashe fitila.
Na hau tudu a ƙafa, mataki ɗari da wani abu,
gwiwata na zagina.
Tagar Leontina a kunne take har yanzu,
shekara shida ke nan da binne mijinta.
Ban ƙwanƙwasa ba.
Na dai tura tikitin Alhamis ta ƙarƙashin ƙofa,
layi na uku, kujerar da aka bari,
na tsaya ina jin takun silifas yana matsowa.