Kaurin Mai

Mitar motata ta mutu tun gemuna yana baƙi,
ta tsaya kan dubu ɗari bakwai da 'yan kai.
Sauran tafiyar a gwiwoyina take rubuce.
Albasar Goronyo, simintin Kalambaina,
gero zuwa Illela, mu juyo da wake,
duk ta ɗauka, ba ta taɓa ce mini uffan ba.

Sai bana da bazara ta kama,
irin ranar da kwalta ke riƙe takalmi,
na ga allurar mai tana sunkuyar da kai
duk sa'ad da muka tsaya a Kware.
Hayaƙi shuɗi yana bin mu kamar mai bin bashi.
Jelani, yaron motata, ya ce, "Oga, kifi muke gasawa?"
Lita biyu take sha kafin Gusau,
ni ko shayi ɗaya nake sha.

Na kai ta wurin Arzika, bayan tsohuwar tasha,
gindin dogon yaron da ya sha baƙin mai har ya saba.
Bai tambaye ni komai ba.
Ya zaro sandar awo, ya dangwala,
ya murza tsakanin yatsu biyu,
ya ɗaga wa rana, ya buɗe a hankali.
Zaren ya tsinke nan take.

Ya ce, "Wanga ruwa ne kake ba tsohuwa.
Sha biyar da arba'in ya yi mata sa'ad da take ɗanya,
ƙarfe na rungume da ƙarfe,
ko silin gashi bai ratsa tsakani.
Yanzu ɗaki ya yi faɗi, ƙofa ta saki,
mai in ya ji wuta sai ya sulale ta kafa."

Labbo mai shago ya leƙo da jan galan:
"Ku gauraya mata da man giya, rabi da rabi,
ko tari ba za ta ƙara ba."
Arzika bai ko waiwaya ba.
"Labbo, ka taɓa ɗura wa mai barci tuwon jiya?
Da asuba, kafin wancan ya rarrafa ya hau kan inji,
ƙarfe ya riga ya ci ɗan'uwansa."

Sai ya tsuguna, ya rubuta a ƙasa da sufana:
ashirin, hamsin.
"Lambar farko ta asuba ce,
ta biyu ta azahar.
Koko ya tsinke, tuwo ya yi nauyi,
kunu muke nema, wanda ke bin ludayi
amma bai kwana a cikinsa."

Muka zubar da tsohon, baƙi ƙirin kamar dawo-dawon rini.
Ya sake matata, ya ɗaure, ya ce in tayar.
Ta yi gyaran murya sau biyu,
sannan ƙarar ta kwanta,
allura ta miƙe kamar an kira sunanta.

Na zaro kuɗi ina murmushi, ya riƙe mini hannu.
"Kada ka yi murna da yawa, Sahabi.
Mai ba ya mayar da ringi yaro.
Lokaci ka saya, damina ɗaya, ƙila biyu.
Ka riƙa duba sanda kowace safiya,
ka fara ajiyar kuɗin buɗe inji."

Da la'asar muka kama hanyar Dange,
buhu ɗari uku a baya, iska na warin albasa.
Na dubi madubi, hayaƙin ya rage, bai tafi ba.
Wajen taka kuloci gwiwata ta yi ƙara,
ƙas, har Jelani ya ji.
Ya yi shiru, ya yi shiru,
can ya ce, "Oga, ita kuma lamba nawa take sha?"