Ƙafar Hagu

Tun da hawan jini ya karɓe mini ƙafar hagu
jar motata ke kwance ƙarƙashin tampol
a bayan gida, nan Runjin Sambo.
Kaza ta yi kwanci a kujerar direba,
ta ƙyanƙyashe bakwai.
Ni kuwa ina leƙenta ta taga
kamar mai ciwon haƙori gaban tukubar tsire.

Ƙofa biyu, kujera biyu, dogon hanci.
Hannun wani injiniyan siminti na saye ta a Kalambaina,
shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama,
ya sakar mini da araha don sitiyarinta ya saɓa wa zamani.
Kulocinta tauri, kamar zuciyar mai bin bashi.
Ba ya sauraron gurgu.

Mode bakanike ya yaye tampol,
ya zagaya ta yadda ake zagaya sa a Kara.
"Injin na nan da rainai, Baba. Mi kaka tsoro?
Mu sa mata giyabos mai canza kansa."
Na ce, ka taɓa jin an sa wa tsohuwa haƙoran yarinya?
Ya ce, "Ana sawa, har ta tauni aya."

Daga Kwatano ya zo cikin buhun shinkafa,
fari tas, da jelar wayoyi.
Ya ƙi shiga.
Ramukan noti shida, biyu kaɗai suka gaisa da inji.
Aka yanko faranti daga ƙarfen tsohuwar tirela,
aka huda, aka goge, aka sake hudawa.
Aka rage wa farfela yatsa huɗu.
Mai walda ya buɗa mata ciki da wuta
a tsakiyar bazara, sifana ba ta taɓuwa sai da tsumma,
ni ina kan benci ina kawar da kai
kamar uba a ƙofar ɗakin wanzami.

Wayoyin kuwa sun fi ƙarfin Mode.
Sai ga Luba, ƙanwarsa, daga makarantar fasaha,
ta shimfiɗa kwali, ta buɗe kwamfuta bisa cinya,
kwana uku tana koya wa baƙo yaren mai gida.

Tsohon giyabos suka ajiye gindin dogon yaro
yana zubar da baƙin mai.
Na sa yatsa, na ji garin ƙarfe a ciki.
Kowane ɓurɓushi na san ranarsa:
wannan hawan gadar Rima ne, da na yi gaggawa,
wannan ranar da marigayiya Ige ta ce sai ta koya,
ta nemi ta uku ta faɗa ta ɗaya,
motar ta yi kururuwa, ita ta yi dariya har da hawaye.
Na ce, Mode, kada a sayar wa 'yan gwangwan.
Ƙulun katakon da hannunmu ya cinye kuma
a ɗaura shi bisa sabon sanda.

Ranar Laraba bayan la'asar
suka ɗaga ni, suka zaunar.
Muka miƙi hanyar Wamakko.
Ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki biyu ba ta tambaye ni ba.
Na ji haushi, ba zan ɓoye ba,
irin haushin uban da 'ya'ya suka daina shawara da shi.
Amma iska ta shigo, da ƙanshin albasar fadama,
allura ta haura inda rabona da ita shekara huɗu.

Daidai wata kwana, inji ya ɗaga murya,
wurin da dā nake sauko mata zuwa ta uku,
sai ƙafar nan,
wadda likita ya ƙwanƙwasa da guduma ta yi banza da shi,
ta ɗaga kanta kamar faɗin yatsa
ta taka wurin da babu komai.

Mode bai gani ba, kunnensa na kan farfela.
Ya ce, "Kana jin wata ƙara, Baba?"
Na ce, a'a.
Mu ƙara gaba kaɗan.