Buhu Uku a Fadamar Auyo

Baba Dogara bai taɓa duba kalanda ba.
Da asuba yakan tsoma yatsa a randa,
in ruwan ya cije shi sai ya yi murmushi:
"Ku fito da iri, alkama ta yi kira."
Man shanun Inna ya daskare a ƙwarya,
akuya ta raɓe jikin murhu,
shi ke nan, shuka ta yi.

Bana na tsoma yatsa har Nuwamba ta wuce,
ruwan randa ɗumi, kamar na wankan jariri.
Ga ambaliya ta zaune mana gona
kamar baƙon da ya manta hanyar gida.
Shinkafa ba ta tashi ba sai a makare,
ni kuwa ban watsa iri ba
sai da Disamba ta raba tsakiya.

Na ce, abin da lokaci ya ci, taki ya biya.
Na kai tumaki biyu kasuwar Haɗeja,
na dawo da yuriya buhu uku a bayan babur,
fara sol kamar gishiri, tsada kamar magani.
Malamin gona, wani yaro Nafi'u,
ya ce, "Raba shi biyu, Kawu, ka bi sawun ruwa.
Kada ka watsa da rana tsaka, iska za ta sha rabi."
Na ce, "Yaro, yaushe aka yi daren?"
Na zazzage duka a wuni guda.

Wai! Ka ga kore?
Kore shar, har yana duhu.
Masu wucewa ta bakin kanal suna rage tafiya,
suna cewa, "Barau, bana kai ne."
Ni ma na yarda ni ne.
Na yi lissafin kwanon rufi tun kafin zangarniya.

Amma a Janairu na kwana babu bargo.
Wanda ya san alkama ya san wannan ba daɗi ba ne.
Ita 'yar ɗari ce, a sanyi take ɗaukar ciki,
a hankali take cika, kamar tulu a bakin idon ruwa.
Tawa ta tafi ganye, ta tafi tsawo,
kara siriri, kai ya fi ƙarfin wuya.
Daren da na yi ban-ruwa iska ta taso,
gari ya waye ta kwanta,
kamar an shimfiɗa tabarmi a gidan makoki.

Wadda ta tsaya, zafi ya same ta da nono a baki.
Fabrairu bai ƙare ba bazara ta yi sallama,
ƙwaya ta motse tun ba ta ƙosa ba.

Ilu maƙwabcina, buhu ɗaya da rabi ya saya,
ya haɗa da kashin shanun da suka kwana a fegensa,
ya riga ni shuka da kwana ashirin.
Gonarsa ba ta tsayar da kowa a hanya ba.
Ranar sussuka ya cika sha huɗu,
ni shida, na bakwai bai kai wuya ba.

Tabawa ta ɗebi tiya za ta yi mana funkaso,
ta murza a tafi, ta hura,
rabi ya bi iska.
Ba ta ce komai ba. Da ma ta yi faɗa.

Na nemi Nafi'u har ofis,
ya ba ni kujera, bai tuna mini ba.
Ya ce akwai irin da ke jure zafi,
ya ce in auna taki kamar gishirin miya.
Na ce na ji.
Amma sanyin fa, ɗana?
Wace kasuwa ake sayar da shi,
buhu nawa,
in kai sauran tumakin?

Randa tana nan inda Baba ya bar ta.
Gobe ma zan tsoma yatsa.